Magajiyar Farko ta Garun Ranau

Kowane gari da ke naɗa Magajiya yana da nasa dalili, masu garin su suka san abinsu. Na Garun Ranau dai ba labari ne mai daɗi ba, shi ya sa tsofaffin da suka riƙe shi ba sa ba da shi a wurin biki.

A zamanin da, tun ba a ji kiran salla a wannan yanki ba, inda garin yake yanzu daji ne wanda ko makiyaya ba sa ratsa shi. Sai wasu maharba suka taso daga arewa da matansu da 'ya'yansu, fari ya koro su. Rijiyoyinsu sun ƙafe, namun daji sun yi ƙaura, su ma suka bi sawun naman. Jagoransu shi ne Ranau, dogon mutum mai faɗin kafaɗa, wanda ake yi wa kirari da Baƙin kwari, mai shiga kurmi da rana tsaka, kura ta hango ka ta sake hanya. Ba a taɓa jin ya harba kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba. Amma kowa a cikin ayarin ya san ƙarfin kibiyar Ranau ba a damtsensa kaɗai yake ba. Rabinsa yana cikin tukunyar yayarsa, Cima.

Cima ita ke dafa musu dafi. A wurin kakarta ta koya, kuma babu wanda ya san duk abin da take zubawa, ban da 'ya'yan kwankwani da ruwan tinya da kowa ke gani tana tarawa. Idan ya dahu, sai ta tsaga damtsenta da aska, ta bar jini ya gangaro zuwa gwiwar hannu, ta taɓa ƙarshen jinin da tsinken da ta tsoma a tukunya. In dafin na kirki ne, za a ga jinin ya yi baƙi yana hawa sama yana neman bakin tsagar, sai ta share shi kafin ya kai. Hannayenta duka biyu tabo ne a kan tabo. Ba ta da fara'a, ba ta shiga hirar mata, kuma ba a taɓa dawo mata da kibiya an ce ta ba da kunya ba.

Ta haihu da yawa, ta binne da yawa. Wani bai kai yaye ba, wani ya fara tafiya sannan zazzaɓi ya ɗauke shi. Da ta haifi na ƙarshe, sai ta kai shi kan juji ta ajiye, ta juya baya kamar ba ta damu ba, har wata tsohuwa ta ɗauko mata shi. Aka sa masa suna Ajuji, don mutuwa ta ɗauka shara ne ta wuce. Ubansa baƙo ne daga wata ƙabila, ya mutu tun yaron yana goye. Ajuji ya rayu, ya girma, ya zama maharbin da ba ya kuskure. Cima ba ta taɓa yaba masa a gaban mutane ba. In ya kawo gwanki sai ta ce ramamme ne, in ya kawo barewa sai ta tambaye shi ko wani ne ya ba shi sadaka. Shi kuwa dariya yake yi, don ya san halin uwarsa. Tsoro take kada mutuwa ta ji ana yabonsa ta waiwayo.

Ayarin ya daɗe yana yawo kafin ya iso gindin wani babban dutse. A ƙarƙashinsa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, gabansa kuma fadama ce shimfiɗe, gamba ta fi tsayin mutum. Mata suka ga ƙasa baƙa mai laushi suka ce nan za a zauna. Sai dai wurin yana da mai shi. Wata ɓauna ce, baƙa ƙirin, wadda tsufanta ya kai har ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙahonninta. An ce in tana tafiya ana jin ƙarar ƙarfe, saboda kawunan kibau na maharban da suka gabata da suka maƙale a fatarta. Duk wanda ya je ɗiban ruwa sai ta fito. Ta kashe mace da tulunta, ta kashe mutum biyu da suka je ɗauko gawar. Mutane suka koma kan tudu suna lasar raɓa, ga ruwa suna gani.

Dattijon da ke riƙe da dokokin farauta a cikinsu sunansa Tunau. Ya tsufa har ba ya iya jan baka, amma maganarsa ita ce hukunci. Ya tara maza ya ce za a fita wa ɓaunar nan gaba ɗaya, kuma dokar da aka gada ita za a bi: dabba ta mai kibiyar farko ce, ko da kibiyar wani ce ta ƙarasa ta. Tunda kuwa ɓaunar ita ce mai wannan ƙasa, wanda ya mallake ta ya mallaki dutsen da ruwan da fadamar, shi da magadansa. Maza suka amsa. Babu wanda ya yi shakka cewa Ranau ne zai samu, sai samari, waɗanda suka fara rera wa Ajuji waƙa a bayan bukkoki.

Cima ta ɗora tukunya a can nesa da zango, inda iska ke kwashe hayaƙin, don hayaƙin dafi yana makanta ido. Maza ba sa zuwa wurin. Ran nan da hantsi tana juya tukunya sai ta ga inuwar mutum, ta ɗaga kai ta ga ƙanenta. Ya gaishe ta ya tsuguna ta inda iska ke fitowa. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana maganar wahalar tafiya da yunwar yara, ita kuwa ba ta daina juyi ba. Can ya ce, "Yaya, kin ji waƙar da samari ke yi wa ɗanki?"

Ta ce ita ba ta sauraron waƙar yara.

Ya ce, "Ni na ji. 'Ya'yana ma sun ji."

Daga nan ya fito fili. Ya ce shi ya jawo mutanen nan tun daga arewa, shi ya binne matarsa a hanya, kuma 'ya'yansa da mutanensa ba za su durƙusa wa ɗan baƙo ba. In kibiyar Ajuji ta riga tasa, ayarin zai rabe biyu, jini zai zuba, kuma ta san jinin wa zai fara zuba. Ta tambaye shi ko barazana ya zo yi mata a kan tukunyarta. Ya girgiza kai ya ce, "Ni ba zan taɓa shi ba, ɗan 'yar'uwata ne. Amma ba kullum nake a farke ba."

Cima ta san 'ya'yan Ranau, ta san abin da za su iya. Ta ce ya faɗi abin da yake so.

Abin da yake so shi ne kada a shafa wa kiban Ajuji dafi. Shi zai tsayar da yaron a gefen dutse, inda ɓaunar ba ta taɓa fitowa ba. Ko da ya harba daga nesa don a ce ya yi, fatar nan ba za ta ji kibiyar da ba dafi ba, za ta faɗi ƙasa, ba wanda zai lissafa ta. In an gama, shi Ranau zai riƙe ƙasa, ya ɗauki Ajuji ya sa a damansa, ba mai taɓa ko gashin kansa. Ya zaro wuƙarsa ya lasa, ya rantse da ƙarfe, wanda a wurinsu babu rantsuwar da ta fi ta.

Ba sarauta Cima take so wa ɗanta ba. So take ya tsufa, ya zama shi zai binne ta. Ta ga kamar an ba ta hanyar da za ta sake ajiye shi a kan juji mutuwa ta wuce. Ta amsa. Bayan tafiyar Ranau ta kankare baƙin tukunya, ta dama shi da ƙaro a wani ɗan kasko, ya yi kauri ya yi baƙi, ba mai iya raba shi da dafi da ido. Ta gwada na gaskiyar a jininta, ya hau da gudu kamar kullum. Ta sauke tukunya.

A nan wata doka ta hau kanta. Daga lokacin da aka sauke tukunya daga wuta, mai dafi ba ta buɗe baki, ko tari ne sai ta danne, har sai an yanke wutsiyar abin da aka fita nema. Sun yi imani in ta yi magana dafin zai mutu a kan kowace kibiya, har wadda ta riga ta shiga jikin dabba. Yau kowa ya san magana ba ta kashe dafi. Su ba su sani ba, kuma a kan abin da suka sani suka rayu.

Maza suka zo ɗaya bayan ɗaya suna miƙa kibau tana shafawa. Da aka zo kan Ajuji ta juya baya ta shafa masa na kasko. Ya karɓa ya ɗaga wa rana yana dubawa, ya ce, "Inna, wannan karon kin saki hannu. Nawa ya fi na kowa sheƙi. Ashe dai kina so na, ɓoyewa kike yi." Samari suka yi dariya, don sun san ba ta da bakin rama masa. Ya ce ta tanadi babbar tukunya, shi hanta yake so, kada kuma ta ce ɓaunar ramammiya ce. Cima ta dube shi, ta kore shi da hannu kamar yadda ake korar kaza.

Washegari da rana ta fito maza suka kewaye fadama. Mata suka hau kan dutse, inda ake ganin komai kamar a tafin hannu, Cima tana cikinsu. Ta ga Ranau ya cika alkawari: ya tsayar da Ajuji a gindin dutsen, shi kuma ya tafi can ƙarshen fadama, bakin hanyar da ɓaunar ta saba bi. Aka fara buga ƙwarya da ihu don a tayar da ita. Gamba ta motsa. Ɓaunar da ta shekara da shekaru tana fita ta hanya ɗaya, ran nan sai ta juyo ta nufo dutse.

Ajuji bai gudu ba. Ya bari ta matso har ana ganin jan idonta, ya durƙusa, ya saki kibiya. Ba ta sami fata mai kauri ba, ta shige a hammata, inda ba tabo ba ƙarfe, ta nutse har rabi. Ɓaunar ta yi wani kuka da ya sa tsuntsaye suka tashi daga dutsen, ta juya ta koma cikin gamba. Samari suka ɗauki kirari. Matan da ke kusa da Cima suka riƙa dafa kafaɗarta suna yi mata barka, ita kuwa idonta yana kan gamba.

Maharban nan suna da yadda suke auna aikin dafi. Da kibiyar farko ta shiga, Tunau yakan kafa sandarsa a ƙasa, ya ja layi a gaban inuwarta. In inuwa ta kai layin, dafin Cima ya gama aikinsa, ko giwa ce ta mutu. Sannan mai kibiyar farko ya shiga shi kaɗai, ba baka ba kwari, da wuƙa kawai, ya yanko wutsiya ya fito da ita a shaida. Cima ta hango Tunau ya kafa sanda.

Ɓaunar ba ta faɗi ba, don babu abin da zai kayar da ita. Ta yi ta zagaya fadama tana tattake gamba, maza suna harbi kibau suna zamewa a bayanta. Inuwa tana tafiya. Sai da ta kusa kai layi sannan ɓaunar ta biyo ta gaban Ranau, ya harbe ta a wuya, kibiyarsa ta kama. Ta ruga cikin duhuwar gamba ta kwanta, ciyawa ta daina motsi. Kowa ya ce dafin kibiyar farko ne ya ci ta. Mutum biyu kaɗai suka san cewa yanzu dafi ya shiga jikinta, kuma daga kibiyar Ranau ya kamata a fara awo.

Cima ta ga Tunau ya sunkuya ya duba ƙasa, ya tuge sandarsa ya ɗaga sama. Ta ga ɗanta ya ajiye baka, ya cire kwari, ya zaro wuƙa. Ihu ya taso mata har maƙogwaro. Amma in ta yi magana, a saninta, dafin da ke wuyan ɓaunar zai mutu, kuma shi kaɗai ne abin da ke tsakanin ɗanta da ƙahon nan. In ta yi shiru, zai shiga tun dafin bai gama ba. Ta toshe bakinta da hannu biyu ta zuba wa Ranau ido. Shi bakinsa a sake yake. Ba sai ya tona komai ba, ya isa ya ce a ƙara jira kaɗan. Sai dai dafin Cima bai taɓa neman ƙarin lokaci ba, kuma Tunau zai tambaye shi dalili a gaban maza. Ajuji ya bi ta gabansa, har ya rusuna ya gaishe shi. Ta ga Ranau ya ɗaga hannu kamar zai tsayar da shi. Sai ya kai hannun ya gyara rigarsa.

Ta sauko daga dutsen da gudu, duwatsu suna yanka mata ƙafa, ba ta ce uffan ba. Tana isa ƙasa ta ji gamba ta dare, ta ji ƙarar ƙarfen nan, ta ji wani sauti da ba ta taɓa kwatanta wa kowa ba har ta mutu.

Da maza suka kutsa, suka tarar da Ajuji a ƙasa, ƙaho ya shiga ta cikinsa, wuƙa tana hannunsa. Ɓaunar tana gefensa a durƙushe tana shure-shure, kumfa na fita daga hancinta. Ba a daɗe ba ta mutu. Da an jira gwargwadon yadda mutum zai sha fura ya ajiye ƙwarya, da gawa zai tarar.

Ranau ya matso da wuƙarsa zai kama wutsiya, Tunau ya sa sanda ya tare hannunsa. Ya ce doka ba ta mutu don mai kibiya ya mutu ba. Ɓaunar ta Ajuji ce, ƙasar ma tasa ce, shi da magadansa. Ranau ya ce yaron bai bar ɗa ba, ba shi da wa ba shi da ƙane, dangin ubansa kuwa ba wanda ya san inda suke. Tunau ya ce haka ne, amma ya bar uwa, kuma kawu ba ya gado uwa tana tsaye.

Maza suka buɗa mata hanya. Cima ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun ɗanta daga kan wuƙar, ta kama wutsiyar ɓauna ta yanke. Bakinta ya kwance ke nan, kowa yana jira ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta zagaya ta dafa ƙafa a haƙarƙarin dabbar, ta fizgo kibiyar Ajuji, ta ɗaga ta kowa ya gani, sannan ta sa bakin kibiyar a harshenta ta lashe baƙin da ya rage. Mata suka yi kururuwa, wani ya zabura zai ƙwace. Ta tsaya ƙyam. Aka jira ta faɗi, ba ta faɗi ba.

Ta ce, "Ƙaro ne da baƙin tukunya. Ni na shafa masa da hannuna. Wancan ne ya roƙa, ya lasa ƙarfe ya ce zai tsare mini shi."

Ta nuna Ranau da kibiyar. Baƙin kwari, wanda kura ke sake wa hanya, ya kasa ɗaga ido.

Samari suka ɗana kibau, 'ya'yan Ranau ma suka ɗana. Abin da aka ce ana gudu ya zo ya tsaya a tsakiyar fadama. Tunau ya ce ba mai sakin kibiya a ƙasar da ba tasa ba sai da izinin mai ita, ga ta nan kuwa a tsaye. Aka juyo ana kallon Cima. Ta ce a sauke bakuna. Ta ce ta ga cikin ɗa ɗaya a waje yau, ya ishe ta, ba za ta sa wata uwa ta ga na nata ba. Ta ce a haƙa rami a binne mata yaro tun rana ba ta taɓa shi ba.

An ce bayan haka idon ruwan ya yi ɗaci, ko jaki ba ya sha. Ranau ya yanka baƙin bunsuru a bakin ruwan, bai canza ba. Sai ranar da Cima ta fito daga zaman makoki ta je ta tsoma ƙwarya don ta wanke fuska, ruwan ya koma garai. Daga nan ko masu gardama suka yarda ƙasa ta san mai ita.

Dattawa suka zo suka tambaye ta yadda za a yi, don gari ba ya zama ba mai tsare shi, ga zakoki, ga mahara. Ta ce ita ba ta iya jan baka ba, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai Ranau, wannan gaskiya ce ko ta so ko ta ƙi. Ƙasa yake so, to ya ɗauka, amma aro. Duk shekara in an kawar da amfanin gona zai zo ƙofarta ba takalmi ba makami, ya roƙa a sake ba shi, kuma zai tsaya har sai ta ga dama ta fito. Ba za ta durƙusa masa ba, ba za ta ci abincin gidansa ba. Sannan ba za a sake fitar da 'ya'yan mutane farauta ko yaƙi ba sai an zo an faɗa mata komai, wa zai tsaya ina, da me a hannunsa, kuma babu wata doka da za ta sake rufe mata baki. Tukunyar dafi kuwa ta kife ta, ta ce su nemi wata.

Ranau ya karɓa, don ba shi da zaɓi. Ya gina garu, ya sare daji, ya kori mahara, garin ya cika. Maza suka sa wa garin sunansa, kamar yadda maza suka saba. Ajuji ko unguwa ba a sa wa sunansa ba.

Sunan sarautar kuwa daga bakin mata ya fito. A duniya ɗa ke gadon uwa. Wannan ita ta gaji ɗanta, abin da ba a fata ko ga maƙiyi. Matan da ke zuwa gaishe ta ba sa son kiran sunanta, sai su tsaya a ƙofa su tambaya ko magajiyar tana ciki, suna faɗa da ƙaramar murya kamar yadda ake ambaton ciwo. Da shekaru suka tura, Ranau ya so ya shafa wa abin mai. Ya aika mata da zannuwa da makaɗi, ya sa aka yi shela cewa Magajiya sarauta ce, ita ce babbar mace a garin. Ta mayar da zannuwan, ta ce wa makaɗin in ya sake buga ganga a ƙofarta za ta fasa ta a kansa. Sunan dai ta bar shi, ta ce ba ƙarya a cikinsa.

Ta rayu har ta ga tsufan Ranau. Duk shekara yana zuwa, tana barinsa a rana, wani lokaci har yara su taru suna kallo. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aika a kira ta. Ta je, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Ya ce, "Yaya, kin yafe mini?"

Ta ce, "Ni ban yafe wa kaina ba. Ina zan samo naka?"

Ta sa aka ba shi ruwa, ta tashi ta koma gida.

Da nata lokacin ya matso, dattawa suka kawo mata 'ya'yan gidan sarauta ta zaɓi wadda za ta gaje ta. Ta dube su, duk masu ƙiba da 'ya'ya a gaba da baya, ta ce a mayar da su. Ta sa aka kira wata mai sayar da daddawa wadda ɗanta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ta ce macen da 'ya'yanta ke raye ana iya tsorata ta da su, kamar yadda aka tsorata ita, sai ta yarda da abin da bai kamata ba. Wadda ta riga ta binne, sarki ba shi da abin da zai riƙe ta da shi.

Haka aka bi har yau a Garun Ranau. An daina farauta da dafi, an karɓi addini, fadamar ta zama gonakin rake, amma ba a naɗa Magajiya sai macen da ta binne ɗan da ta raina har ya girma. 'Yan matan da ke jin sunan a wasu garuruwa suna sha'awa, har su ce Allah Ya ba su, a nan in yarinya ta faɗi haka uwarta takan buge mata baki. Ranar naɗi ba kiɗa, ba guɗa, ba a ɗora tukunyar biki. Baƙin da ba su sani ba in suka zo da maroƙa, a ƙofar gari ake mayar da su. Tabarma ake shimfiɗa mata a ƙasa a zauren gidanta, mutanen gari su zo layi-layi, sarki a ƙarshe, takalminsa a hannun wani. Ba mai ce mata barka. Kowa in ya durƙusa, gaisuwar da ake yi wa mai makoki ita yake yi mata, ya ce sannu da haƙuri, ya tashi ya ba na bayansa wuri.